Ɗakin gem a Aboabo da Linux: me zai tashi, me lasisi ya hana?

Ɗanlami: Salamu alaikum jama'a. Ɗakin gem ake shirin buɗewa a Aboabo cikin Kumasi, kwamfuta shida, duk Dell OptiPlex 'yan hom-yus, i5 zubi na shida, ram giga 8, babu katin hoto. Ba a son biyan lasisin Windows har shida, ba a kuma son na sata. Linux zai ɗauki nauyin? Tunda kuma kyauta yake, ai babu mai tare mu idan muna karɓar kuɗi wajen yara ko?

Malam Issaka: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin komai faɗa mana wane gem yaran za su buga. A nan gizo ke saƙa.

Ɗanlami: Malam ai ka san yaran zango. Ƙwallo ce kan gaba, FC, wanda da ake kira FIFA. Sai GTA, sai Fortnite ga masu ƙwambo.

Malam Issaka: To ka ji amsar da ba za ta yi maka daɗi ba. FC ba ya tashi a Linux. Tun FIFA 23 kamfanin EA ya saka mai gadin maguɗi nasa wanda ke shiga har cikin kanel ɗin Windows, wato zuciyar tsarin, Linux kuwa ba shi da wannan ƙofar da zai shiga. Fortnite ma haka, Epic ba su buɗe ba. GTA V ɓangaren labari yana tafiya lafiya, amma na onlayin ya rufe tun Satumba 2024 da aka saka masa mai gadin maguɗi BattlEye. Valorant, PUBG, duk layi ɗaya. Apex Legends ya daɗe yana aiki, a ƙarshen Oktoba 2024 aka toshe masu Linux da gangan.

Abin haushin shi ne ba gazawar Linux ba ce a yawancinsu. Masu gadin maguɗi Easy Anti-Cheat da BattlEye duk sun sanar da goyon bayan Proton, manhajar da ke tayar da gem ɗin Windows a Linux, tun Satumba 2021, sai dai sun bar wa mai gem zaɓi, ya kunna ko ya ƙi. Wanda ya ƙi, babu dabarar da za ka yi, idan ma ka matsa asusunka za a kulle.

Mubarak Tech: Malam ya faɗi gaskiya amma kada ya kashe maka gwiwa Ɗanlami. Dubban gem na Windows suna tashi ta Proton ba tare da ka taɓa komai ba. Counter-Strike 2 da Dota 2 kuwa na Linux ne kai tsaye. Kafin ka sayi kowane gem, buga sunansa a ProtonDB ka ga rahoton waɗanda suka gwada da irin injinka.

Ɗanlami: Yaya Mubarak, shi Proton ɗin mene ne takamaimai? Emuleta ne?

Mubarak Tech: A'a, tafinta ne. Gem ya yi magana da harshen Windows, shi ya juya ta zuwa harshen Linux nan take. Valve, masu Steam, shagon gem na intanet, suka fito da shi a Agusta 2018 tare da kamfanin CodeWeavers. A cikinsa akwai Wine, wanda aka fara tun 1993, shi ke fassara kiran Windows. Akwai DXVK mai juya DirectX 9, 10 da 11, harshen hoto na Windows, zuwa Vulkan, harshen hoto da Linux ke ji, akwai vkd3d-proton mai ɗaukar DirectX 12. Saboda haka komai ya rataya ne a kan Vulkan. Idan katinka bai iya Vulkan ba, zance ya kusa ƙarewa.

Malam Issaka: A nan ne masu sayen tsofaffin injina ke faɗawa rami. DXVK daga 2.0 zuwa sama sai da Vulkan 1.3, kuma Proton 8 zuwa sama shi suke ɗauke da shi. Saka vulkan-tools ka buga vulkaninfo --summary, ka dubi layin apiVersion. Intel zubi na shida irin naka, HD 530, yana da 1.3, ka tsira ta wannan fuskar. Zubi na uku da na huɗu kuwa Vulkan ɗinsu ragagge ne, gem zai buɗe baƙin allo ya mutu. Katunan NVIDIA na zamanin Kepler, irin GTX 660 da 770, sun tsaya a direba 470 mai Vulkan 1.2, su sai dai ka tilasta Proton 7 a Properties, sashen Compatibility. Idan duk ya ƙi, rubuta PROTON_USE_WINED3D=1 %command% a Launch Options, ya bi ta OpenGL. Zai tashi, amma da jan ƙafa.

HD 530 dai ba zai ja Counter-Strike 2 yadda yaro zai biya kuɗi ya zauna ba. Sai an ƙara kati. Idan OptiPlex ɗin siririn akwati ne, kati gajere za ka nema wanda ba ya buƙatar wayar wuta ta daban, domin fawa-saflai ɗinsu ƙarami ne kuma ba shi da filogin fil shida. GTX 1650 gajere yana cin wat 75, daga ramin madabod yake sha. RX 6400 wat 53 ne, sai dai layi huɗu kacal yake amfani da su, a tsohon ramin PCIe 3.0 yana rage gudu idan gem ya cika masa ƙwaƙwalwa. Ram kuma ka mai da shi sanda biyu, 8 da 8, kada ka bar sanda ɗaya. Hoton Intel daga ram yake ci, sanda ɗaya rabin hanya ce.

Anti Ramatu: Ku bar ni in shigo kan rabin tambayar da kuka tsallake. Ɗanlami, ka ce tunda Linux kyauta ne babu mai tare ku. Wannan tunanin ne ke jefa mutane ruwa. Kwamfutar gem hawa-hawa ce, kowane hawa da takardarsa. Kanel ɗin Linux lasisinsa GPL ne na biyu. Mesa, direban hoto na AMD da Intel, MIT ne. Wine LGPL, DXVK zlib. Duk waɗannan lasisin buɗaɗɗiyar manhaja ne, ka yi kasuwanci da su yadda kake so. Amma manhajar Steam kanta rufaffiya ce, gem ɗin da ke ciki ma rufaffu ne, kuma yarjejeniyar da ka danna ka yarda da ita ta ce amfanin kanka aka ba ka, ba na kasuwanci ba. Ka sayi gem sau ɗaya a asusunka ka zuba wa yara suna biya, ka karya yarjejeniya, ko a Linux kake ko a Windows. Linux bai wanke ka ba.

Hanyar halak tana nan: Valve suna da Steam PC Café Program. Ka yi rajista a matsayin mai shago, ka sayi lasisin kasuwanci na gem ɗin da masu shi suka yarda a saka a shirin, adadin kujerun da za su buga lokaci ɗaya. Mai zuwa ya shiga da asusunsa. Ba kowane gem ne a ciki ba.

Ɗanlami: Anti, amma duk ɗakunan gem na Kumasi daga Asawase har Alabar wa ya taɓa yin wannan?

Anti Ramatu: Ban ce an yi ba, ka tambaya ne ko babu mai tare ku, na faɗa maka abin da takarda ta ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Gana, Act 690 ta 2005, ta haɗa da manhajar kwamfuta. Barazanar da ta fi kusa da kai ma ba kotu ba ce, kulle asusu ne da duk abin da ka saya a ciki.

Fuseini: Ni fa da sauƙi nake ganin abin. Ƙwallo suke so? Emuletan PCSX2 da PES na PlayStation 2, hannu biyu, shi ke nan. i5 zubi na shida zai ja shi. PCSX2 GPL ne, babu Steam babu yarjejeniya.

Anti Ramatu: Fuseini, an gudu ba a tsira ba. Emuletan ne GPL. Fayil ɗin BIOS da ba ya tashi sai da shi na Sony ne, faifan PES na Konami ne. Lasisin emuleta bai ba ka ko ɗaya daga ciki ba. Shi ya sa masu PCSX2 ba sa saka BIOS a cikin abin da suke rabawa, suna cewa ka kwafo daga injinka.

Akwai ma tarkon da ya fi wannan ɓuya. RetroArch, manhajar da ke tara emuletoci wuri ɗaya, GPL ne na uku, amma injinan da ake ɗorawa a cikinsa kowanne da nasa lasisin. Snes9x, Genesis Plus GX da FinalBurn Neo duk sun rubuta ƙarara ba a kasuwanci da su. Kana iya karanta tushensu, kana iya saukewa ba ko sisi, amma ranar da ka saka su a akwatin da kake sayarwa ka taka sharaɗi. DuckStation na PlayStation 1 da GPL ya fara, a Satumba 2024 mai shi ya mai da shi CC BY-NC-ND, babu kasuwanci, babu raba wanda aka gyara. Ganin tushen manhaja a GitHub ba shi ne izini ba. Buɗe fayil ɗin LICENSE ko COPYING ka nemi haruffan NC ko kalmar non-commercial.

Fuseini: To idan mutum zai iya canza lasisi rana tsaka, ina amfanin GPL ɗin?

Malam Issaka: Abin da ya riga ya fita da GPL ya fita ke nan, ba a janye shi. Sabbin fitowa ne kawai ke bin sabon lasisi, kuma sai idan mai canzawar shi ke da haƙƙin duk rubutun, ko sauran masu hannu sun yarda, ko ya cire nasu ya sake rubutawa. Kowa na iya ɗaukar fitowar ƙarshe ta GPL ya ci gaba daga nan. Masu emuletan MAME sun yi tafiyar ta baya: da ba a kasuwanci da shi, suka bi masu hannu ɗaya bayan ɗaya, a 2016 ya koma GPL.

Mubarak Tech: Ni dai wannan tsaurin GPL ɗin ban ga ribarsa ba. Dubi DXVK, zlib ne, sharaɗinsa bai wuce kada ka ce kai ka rubuta, kada ka goge sanarwar lasisi, ka nuna idan ka gyara. Saboda sauƙin nan Intel suka saka shi cikin direbansu na Windows na katunan Arc don tsofaffin gem na DirectX 9, NVIDIA suka gina RTX Remix a kansa. Da GPL ne da sun guje shi. Yaɗuwa ita ce riba.

Malam Issaka: Mubarak, tarihin Wine bai goyi bayanka ba. Da lasisi mai sauƙi irin MIT ya fara. Wani kamfani, TransGaming, ya ɗauka ya yi WineX, wanda daga baya ya zama Cedega, ya gyara ɓangaren DirectX yana sayarwa wata-wata, gyaran bai dawo gida yadda ake so ba. A 2002 masu Wine suka koma LGPL saboda irin haka. Yau ina Cedega? Ya mutu. Wine kuwa shi ne ƙashin bayan Proton, kuma duk gyaran da Valve suka yi wa Wine dole su fitar da tushensa.

Ga misali na kusa. A 2023 Apple suka fitar da Game Porting Toolkit, a kan Wine aka gina shi. Gyaran da suka yi wa Wine sun wallafa, domin LGPL ta ɗaure su. Ɓangaren da ke juya DirectX zuwa Metal, D3DMetal, nasu ne sun rufe. Inda lasisi ya tilasta sun bayar, inda bai tilasta ba sun riƙe. Kamfani ba don Allah yake ba.

Mubarak Tech: Amma Valve babu wanda ya tilasta musu biyan mai rubuta DXVK ko masu gyara direban AMD a Mesa, kuma zlib da MIT ne. Sun biya, sun bar shi a buɗe.

Malam Issaka: Sun yi, kuma a gode musu. Sun yi ne don Steam Deck, injin gem ɗinsu na hannu da suka fitar a 2022, ya sayu, kuma don kada wuyansu ya zauna a hannun Microsoft. Muradinsu ya zo daidai da namu. Ranar da ya saɓa, abin da lasisi ya riƙe shi kaɗai zai rage mana. Ka lura ƙofar shagon, wato Steam, ba su taɓa buɗe ta ba.

Alhaji Bawa: Malamai, wannan gardamar ta girmi wasunku, ba yau za ta ƙare ba. Yaron nan shago zai buɗe. Ku faɗa masa abin da zai zuba a injin ya karɓi kuɗi hankali kwance.

Anti Ramatu: Na'am Alhaji. GPL ba ta hana neman kuɗi, ko kaɗan. Gudanar da manhajar a shagonka ba ya ɗora maka wani nauyi. Nauyi yana hawa ne idan ka miƙa wa wani kwafi. Saboda haka SuperTuxKart na tseren mota, Xonotic na harbi, 0 A.D. na yaƙin dauloli, Luanti wanda da ake kira Minetest, duk ka saka a injin shida ka karɓi kuɗin zama, babu wanda ka zalunta.

Idan kuma za ka riƙa zuba wa mutane a filas kana caji, ko ka sayar da kwamfuta da su a ciki, to ka zama mai rabawa. Ka bar takardar lasisi a ciki, ka haɗa da tushen manhajar na daidai fitowar da ka bayar. GPL ta yarda ka ba da rubutaccen alkawarin kawo tushen ga duk wanda ya nema har shekara uku, amma wa ke son wannan ɗawainiya? Buɗe folda ɗaya a filas ɗin ka jefa tushen, ka huta. Zane da sautin 0 A.D. kuma CC BY-SA ne: a ambaci masu shi, wanda ya gyara ya raba da irin lasisin.

Fuseini: Doom da Quake fa? Na ji su ma an sake su.

Anti Ramatu: Injin aka saki, ba kayan ciki ba. id Software sun fitar da tushen Doom a Disamba 1997, ya koma GPL a 1999, Quake III ya biyo a 2005. Amma taswirori, dodanni da sauti, irin fayil ɗin doom2.wad, har yau na sayarwa ne. Mota aka ba ka babu kujeru. Shi ya sa aka yi Freedoom da OpenArena, su ne kujerun da kowa zai iya ɗauka. OpenMW ma haka, sai ka mallaki Morrowind.

Ɗanlami: Na gane. To a ɓangaren sakawa, me ke yawan lalacewa?

Malam Issaka: Ɗauki Linux Mint ko Ubuntu LTS, iri ɗaya a duka shida, don matsala ɗaya magani ɗaya. Steam ka sauke fayil ɗin .deb daga shafinsu. Idan ka danna Steam ya ƙi buɗewa, ko tsohon gem ya mutu shiru, yawanci laburaren bit 32 ne babu: sudo dpkg --add-architecture i386, sai sudo apt update, sai ka saka mesa-vulkan-drivers:i386 idan AMD ko Intel ne. NVIDIA ka bi ta Driver Manager, kada ka sauko da fayil ɗin .run, sabunta kanel ɗaya zai bar ka da baƙin allo. Idan Secure Boot a kunne yake, lokacin sakawa zai nemi ka ƙirƙiri kalmar sirri, bayan ristat shuɗin allo zai fito, zaɓi Enroll MOK ka buga ta. Mutane da yawa suna tsallake allon nan, direba ya ƙi lodi, su ce Linux ba ya son katinsu.

Na biyu, kada ka ajiye gem a faifan NTFS da aka kwaso daga Windows. Proton yana ƙirƙirar ƙaramin Windows na kowane gem a steamapps/compatdata, a ciki akwai mahaɗai masu suna irin c: da ɗigo biyu, NTFS kuwa ba ya jituwa da su. Alamar ita ce ka danna Play, ya koma Play bayan daƙiƙa biyu. Yi wa faifan fomat zuwa ext4. Idan ka rasa gane dalilin mutuwar gem, saka PROTON_LOG=1 %command%, zai ajiye fayil steam- da lambar gem ɗin a foldar gida, ka turo mana nan.

Mubarak Tech: Ƙari kan na Malam, tunda muna maganar lasisi. Wani lokaci bidiyon cikin gem zai fito da layukan launi irin na talabijin da tasha ta rufe. Ba lalacewa ba ce. Bidiyon an matse shi ne da fasahar da ke da haƙƙin ƙirƙira, Valve ba sa raba mai buɗe ta, sai su juya bidiyon a sabarsu su turo maka tare da shader. Idan ka kashe Shader Pre-Caching don tsimin data, ka kashe wannan ma. Maganinsa GE-Proton, saka shi ta ProtonUp-Qt, ka rufe Steam ka buɗe, ka zaɓe shi ga wannan gem ɗin kaɗai.

Data kuwa, Counter-Strike 2 yana neman wurin giga 85. Kada ka sauke sau shida. Sauke a inji ɗaya, ka kunna Game File Transfer over Local Network a Settings, sashen Downloads, ka sa shi a Anyone, sauran su ja daga gare shi. Sayi suwic mai gigabit, rami takwas, da waya Cat6. A suwic na mega 100 giga 85 kusan awa biyu ne kowane inji.

Alhaji Bawa: Wuta fa? Kun san halin dumso, yawan ɗauke wuta.

Malam Issaka: UPS ɗin 650VA ba wat 650 ba ne Alhaji, abin da yake bayarwa bai kai 400 ba. Ɗaya ga kowane inji da allonsa, mintuna kaɗan zai ba da a kashe lafiya. Kada a haɗa biyu a kan ɗaya. ext4 yana jure yankewar wuta, amma gem ɗin da ake sabuntawa a lokacin zai iya gurɓata, sai a yi Verify integrity of game files. Suwic ɗin ma a sa shi a UPS, in ba haka ba wasan haɗin gwiwa zai watse ko injinan suna kunne.

Ɗanlami: Wato ƙwallo a bar wa PlayStation, kwamfutocin su ɗauki tsere da harbi ta waya tsakaninsu. Na gwada Xonotic yanzu a inji biyu, na buɗe wasa a ɗaya, ɗayan bai gan shi ba.

Malam Issaka: Bangon wuta ne, ko ba a layi ɗaya suke ba. Buga ip a a kowanne, lambobi ukun farko su zo ɗaya, misali 192.168.1. A injin da ya buɗe wasan: sudo ufw allow 26000/udp. 0 A.D. nasa 20595, Luanti 30000, SuperTuxKart 2759 da 2757, duka udp. Idan har yanzu bai bayyana a jeri ba, rubuta lambar injin da hannu a wurin adireshi ka danna Join. Ka kuma tabbata fitowa ɗaya ce a duka injinan, kada wani ya zo daga Flatpak wani daga apt, 0 A.D. ba ya haɗa mabambantan fitowa.

Ɗanlami: Ya shiga Malam. 26000 ɗin ne.